Tabon fuskar zai iya jira, idon ne ba ya jira

Saƙon ya shigo ne daga wata ƴar uwa a nan Sakkwato, ta ce a ɓoye sunanta, na ɗan taƙaita shi amma ban canza maganarta ba:

"Assalamu alaikum Anti. Ɗiyata ta fari ce, watanta 7. Tun randa anka haife ta akwai wani tabo ja mai duhu a fuskarta gefen hagu, daga goshi ya rufe fatar ido har kunci, anka ce tawadar Allah ce za ta baje, har yau ba ta baje ba. Idon wannan gefen ya fi ɗayan girma, kullum hawaye, in an fito da ita rana sai ta runtse shi tana kuka. Sati 3 da sunka wuce tana zazzaɓi sai hannunta na dama ya kama karkarwa shi kaɗai, bakinta na taune-taune, ya kai minti 10, bayan nan kwana 2 ba ta ɗaga hannun. Munka kai ta asibiti likita ya rubuta Sturge-Weber a kati, ya ba mu sirof, ya ce a yi hoton ƙwaƙwalwa kuma mu ga likitan ido. Uwar mijina ta ce wanga ba ciwon asibiti ba ne, wai ni na fita tsakar gida da ciki daren da rana ta kama wata, wasu kuma na cewa auren zumunci ne don ni da maigidan ɗiyan wa da ƙane ne. An hana ni ba ta sirof ɗin tunda jijjigar ba ta dawo ba, hayaƙi ake mata. Maigidan ya ce kuɗin da ke hannunshi ba su isa a yi komai da komai. Ni ko abin da ya fi damuna fuskar, ɗiya mace ce Anti, wa zai aure ta haka? Wata ta kawo min mai ta ce yana goge tabo, in shafa mata? Kuma don Allah ki faɗa min gaskiya, ni na ja mata?"

Wa'alaikumus salam ɗiyata. Allah ya ba ta lafiya, ke kuma ya sanyaya miki zuciya. Jiya bayan isha'i na karanta saƙon nan naki, na aje wayar na yi shiru, na sake ɗauka na karanta, don wata 7 da ɗiyar fari ai lokacin da ya kamata a ce kina ta ɗaukar ta hoto kina tura ma ƴan uwa ne, ba kina kwana kina kallon hannunta ko zai motsa ba.

Maganar man nan ita ce mai sauƙi, to bari in sallame ta tun yanzu: kar ki shafa. Ki maida ma mai shi ko ki jefa shi shara. Mayukan goge tabo da ake yawo da su gida-gida galibinsu na bilicin ne, suna cinye fata su sa ta yi laushi kamar leda, jikin jariri kuma yana zuƙe su fiye da na babba, ga shi wurin da za ki shafa ɗin dab da ido yake. Kuma ko kin shafa kwalba goma ba abin da zai goge, don abin ba a saman fata yake ba, jini ne a ƙarƙashinta.

Sai dai zan gaya miki abin da ƙila ba za ki so ji ba. Kin jera damuwar taki ne a juye. Fuskar da kinka sa a gaba ita ce ta ƙarshe a layi, za ta iya jira. Idon nan da kinka ambata cikin layi ɗaya kinka wuce, shi ne ba ya jiran ko wata ɗaya, sai jijjigar da ke biye da shi kafaɗa da kafaɗa.

Abin da likitan ya rubuta, ana faɗin shi Staj-Weba, sunayen likitoci biyu ne na Ingila anka haɗa, na farkon ya bayyana ciwon a 1879, na biyun a 1922 ya nuna alamarsa a hoton ƙoƙon kai. Ciwo ɗaya ne ya fito wuri uku. Akwai ƙananan hanyoyin jini sirara kamar gashi a ko'ina a jikin mutum, to a wurin yaran nan sai su yi yawa su buɗe su cukurkuɗe a wani yanki, a fatar fuska su ne tabon da kike gani, Turawa na kwatanta launinsa da wata giyarsu, mu dai a fatarmu ya fi kama da inda soɓo ya zube a zane ya bushe. Irin su kuma suna nan a cikin ido, suna nan a kan siririn mayafin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, yawanci duk a gefe guda. Shi ya sa tabon ɗiyarki yake hagu amma hannun dama ne ya yi karkarwa, don ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke tafiyar da jikin dama, na dama kuma ya tafiyar da na hagu. Kin ga kenan ba wani abu ne ya tsallaka daga nan zuwa can ba, haka Allah ya yi halittar.

Yanzu tambayarki ta ƙarshe, wadda na san ita ke hana ki barci. A'a ɗiyata, ba ke kinka ja mata ba. A 2013 masu bincike a Amurka sunka gano asalin abin, wani ɗan canji ne a ƙwayar halitta da ake kira GNAQ, kuma canjin ba daga ruwan uba yake zuwa ba, ba daga ƙwan uwa ba, yana faruwa ne bayan ciki ya riga ya shiga, a makonnin farko lokacin da ke kanki wataƙila ba ki ma san kina da shi ba, a cikin wasu ƴan ƙwayoyi kaɗan waɗanda daga baya su ne za su zama fatar goshi da ido da mayafin ƙwaƙwalwa. Ko a jikin ita yarinyar ba ko'ina canjin yake ba, iya wurin da abin ya shafa ne. Saboda haka ba gado ba ne, ba ya bin dangi, ƙannenta da za ki haifa in sha Allahu ba su fi ɗiyan kowa haɗarin samun shi ba, ita ma in ta girma ba za ta ba ɗiyanta ba. Auren zumunci yana da nashi maganar, musamman wajen sikila, kuma in ba ku yi gwajin jini ba ku je ku yi, amma wannan dai ba laifinsa ba ne. Ba abin da kinka ci, ba abin da kinka sha, ba inda kinka taka.

Batun kamuwar wata kuwa, daren nan mata masu ciki nawa ne a waje daga Mabera zuwa Runjin Sambo, ga zafi ya koro kowa tsakar gida ga yara na ta kiɗan gwangwani? Da haka ne da kowace unguwa ta cika da masu tabo. Kuma ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu an yi kusufin rana, mutane sunka ce don rasuwarsa ne, shi da bakinsa ya gyara musu cewa rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa kusufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Wannan kowane malamin zaure ya san shi.

Amma kar ki ga baƙin Inna, uwar mijinki, da yawa. Irin wannan jan tabon shi kaɗai ana samunsa a kamar jarirai 3 cikin 1,000, kuma mafi yawansu iyakarsa fata, ba abin da ke samunsu. Wanda ya haɗa da ido da ƙwaƙwalwa kuwa ana ƙiyasta ɗaya ne cikin haihuwa 20,000 zuwa 50,000. Tsohuwa za ta iya yin wankan jego ɗari ba ta taɓa cin karo da shi ba, to abin da ba ta taɓa gani ba dole ta nema masa suna a cikin abin da ta sani. Wanda ya fi jan hankalin likitoci shi ne tabon da ya hau goshi da fatar ido ta sama, irin na ɗiyarki kenan.

To mu zo kan idon. A cikin ido akwai wani ruwa da yake ɓuɓɓugowa kullum yana kuma tsiyayewa ta wata ƴar magudana, in magudanar ba ta aiki daidai sai ruwan ya taru ya matse idon daga ciki, shi ne hawan jinin ido da likitoci ke ce ma gilakoma. A wurin babba ƙwayar ido ta riga ta yi ƙwari ba ta buɗewa, amma ta jariri tana da taushi, sai ta riƙa kumbura a hankali kamar balan-balan. Girman nan da kinka gani, da hawayen da ba na kuka ba, da gudun hasken rana, su ukun nan su ne alamominsa. Yara masu Staj-Weba da yawa suna samunsa, wasu tun suna jarirai wasu sai sun tasa. Abin tsoron shi ne matsin yana kashe jijiyar gani a hankali ba tare da ihu ba, kuma abin da ya mutu a jijiyar nan ba ya dawowa, ko Misra anka je ko Indiya.

Ina tuna wata rana lokacin ina aiki ɗakin yara na asibiti, wata kaka ta shigo da jikanta a kafaɗa, gudawa ce ta kawo su ba ido ba, yaron an rambaɗa masa tozali ya yi kyau abinsa, matan da ke kan benci sai cewa suke kai masha Allah wannan dara-daran idanu kamar na barewa, kakar tana ta murmushi tana cewa na kakansa ya ɗauko. Na haska masa ƴar tocila sai ya ƙanƙame ido ya cusa kai cikin mayafinta, da na samu na buɗe, baƙin idon ya yi dishi-dishi kamar gilashin fitilar ƙwai da ya kwana bai ga tsumma ba. Kyan da ake yabo shi ne ciwon. Har yau in na ji ana yabon girman idon jariri sai gabana ya faɗi, musamman in ɗaya ya fi ɗaya.

Don haka satin nan, ba bayan sallah ba, ba in an yi albashi ba, ki kai ta sashen ido. Asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana da likitocin ido, in kuma abin ya fi ƙarfin nan su da kansu za su rubuta muku takarda zuwa Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko wani wurin da ya dace. Za su auna ƙarfin matsin idon, wani lokaci sai an sa yaro barci kafin a iya aunawa da kyau, kar wannan ya firgita ki. Ana iya fara mata maganin ɗigawa, amma ki shirya zuciyarki, a jarirai sau da yawa ɗigawar ta riƙon ƙwarya ce, ƙarshenta aiki ake yi a buɗe ma ruwan hanya. In sunka ce aiki kar ku gudu gida ku ce za ku yi shawara wata uku, mutanenmu da an ce tiyatar ido sai a nemi takalmi, alhali a wannan ciwon zaman gidan shi ke makantarwa. Ko bayan an yi, awon ido ya zame mata abin yi har girmanta, har da ɗaya idon mai lafiya.

Kafin nan ba tozali, ba kwalli, ba matsa nono a ido, ba ruwan wani ganye. Kuma ina roƙonki kar ki je kemis ki ce a ba ki maganin ido mai hawaye, don wasu daga cikin magungunan ɗigawar da ake miƙo ma mutane suna da sinadarin da ke ƙara hawan jinin idon, a yi gudun gara a faɗa zago.

Sai jijjigar. Nan ne raina ya ɓaci da na karanta an hana ki ba ta sirof. Maganin farfaɗiya ba irin farasitamol ba ne da ake sha in jiki ya yi zafi a aje in ya sauka, katanga ce ake ginawa kullum safe da dare don kar abin ya samu hanyar dawowa. Shirun sati 3 ba warkewa ba ne. Mafi yawan yaran da abin ya taɓa ƙwaƙwalwarsu suna yin jijjiga, galibi tana farawa kafin su cika shekara 2, kuma ga dalilin da ya sa ba a wasa da ita a wannan ciwon musamman: gefen ƙwaƙwalwar da ke ƙarƙashin waɗancan hanyoyin jinin dama can jini ba ya gudana a cikinsa yadda ya kamata, yana shiga ya rasa hanyar fita da sauri, to jijjiga kuma aiki ne mai cin ƙarfi, kamar a ɗora ma jakin da bai ƙoshi ba buhu biyu a ce ya hau tudu. Duk doguwar jijjiga tana iya barin rauni a wurin. Kwana 2 da ta yi ba ta ɗaga hannu gargaɗi ne, wannan karon ya dawo alhamdulillahi, in ana ta maimaitawa wata rana yana iya dawowa rabi. Yaran da anka shawo kan jijjigarsu da wuri su ne sunka fi samun tafiya da magana da karatu daidai da sa'anninsu.

Ga abin da za ki yi. Ki ɗauki kwalbar sirof ɗin da katin ki koma wurin likitan da ya rubuta, ki gaya masa gaskiya tsakani da Allah kwana nawa kinka ba ta kuma yaushe anka tsaida, kar ki ji kunya, ba ke ce ta farko ba, kuma kar ki ce za ki ninka don ki rama kwanakin da sunka wuce. Shi zai faɗa miki yadda za a ci gaba. Magungunan da anka saba bayarwa irin su kabamazafin da fenobabiton da lebetirasitam da nauyin yaro ake auna su, in ta ƙara kilo dole a ƙara awo, shi ya sa ake cewa a dawo asibiti ko tana lafiya. Da sirinjin awo za ki riƙa ba ta, ba cokalin shayi ba. In kinka ga ƙuraje sun feso mata ko bakinta ya yi gyambo bayan fara magani, ranar za ki koma ba gobe ba. Wasu likitocin suna ƙara asfirin ɗan kaɗan don jinin ya riƙa gudana, amma wannan hukuncin likita ne shi kaɗai, kar wani ya karanta nan ya je ya sayo ma yaro asfirin, yana da nashi haɗarin ga yara.

In ta sake yi a gida, Allah ya kiyaye, ki kwantar da ita a gefenta kan tabarma, ki sassauta mata riga, ki duba agogon wayarki. Kar a sa mata cokali a baki, kar a ɗura mata ruwa ko rubutu ko manja tana cikin yi, kar a matsa albasa a ido, kar a kanga ƙafarta a wuta. Na ga yaron da jijjigarsa ta wuce cikin minti biyu amma munka yi sati uku muna wanke ƙunar tafin ƙafarsa, na ga wanda abin da anka ɗura masa ya wuce huhu. Ba wanda ke haɗiye harshensa, zance ne kawai. In ta kai minti 5 ba ta tsaya ba, ko ta tsaya ta sake tashi ba ta farfaɗo ba, a nemi Keke Napep ko mashin ko motar maƙwabci a nufi asibiti ko ƙarfe ukun dare ne. Ki tambayi likitan ko akwai maganin gaggawa da zai koya miki bayarwa a gida. In akwai wani kusa ya ɗauki bidiyo, na san abin da ciwo a ce uwa na kuka wani na riƙe da waya, amma bidiyon minti ɗaya ya fi ma likita amfani a kan bayanin awa guda. Kuma yawunta ba ya harbin kowa, wanda ya taɓa ta ko ya ci a kwanonta ba abin da zai same shi, wannan ki faɗa da ƙarfi a gidan kowa ya ji.

Abubuwan da ke tada ta kin riga kin ga ɗaya, zazzaɓi. Sauran su ne rashin barci, da buguwa a kai, da bushewar jiki. Mu kuma a garin nan daga Maris zuwa Mayu zafi na haura digiri 40, ga wuta sai ta ga dama, to ki dage da nono, tunda ta wuce wata 6 ki riƙa ba ta tsaftataccen ruwa a kai a kai, in gudawa ko amai ya kama ta a fara ruwan gishiri da sukari nan take a tafi asibiti. Gidan sauro kullum. Da damina in masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na yara sunka zo ki gaya musu tana shan magani, ki kuma tambayi likitanta tun kafin lokacin. Allurar rigakafi kar a fasa ko ɗaya.

Hoton ƙwaƙwalwar, wato MRI, shi ke nuna iya inda abin ya kai, ana yi da wata allura da ke fito da hanyoyin jinin, kuma za a iya neman gwajin EEG mai duba aikin ƙwaƙwalwa da wayoyi a kai, wanda ba ya zafi ko kaɗan. Suna da amfani, amma tunda Baban yarinya ya ce aljihu ba nauyi, ku je tare ku ce ma likita ga abin da ke hannunmu, mi za mu fara yi? Ba abin kunya ba ne, kullum suna jin irin ta. A nawa ganin maganin jijjiga da awon ido ba sa jiran hoto, hoton ne zai iya jiran a haɗa kuɗi. Ku nemi ofishin walwalar marasa lafiya a asibitin, ku kai takardunku Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha, ku tambayi yadda ake shiga tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha. Kuma dangin nan da ke da bakin cewa auren zumunci ne, to zumuncin ya yi rana mana, a zagaya da faranti.

Maigidanki nake so ya karanta wannan sakin layin da kansa. Malam, ɗiyarka ce, kuma a gidan nan kai kaɗai ne za ka iya ce ma Inna a ba ta magani ta saurara, matarka in ta faɗa rashin kunya ce, kai in ka faɗa shawara ce. Ba sai ka ce mata ta yi kuskure ba. Ka ce Inna a ci gaba da addu'a da tofi, mu kuma za mu haɗa da na asibiti, tunda Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Hayaƙin ne kawai za a bari don yana shiga idon da dama ciwo yake yana kuma cika mata ƙirji. In da hali ranar asibiti ka ɗauki Innar ku tafi tare, ta zauna ta ji daga bakin likita, sau da yawa tsohuwar da ta fi kowa ja in ta gani da idonta ita ke komawa mai tuna ma kowa lokacin magani, har ta fi uwar tsanani. In kuma wani ya fara raɗe-raɗin ƴar ruwa ce ko an musanya ta, kai ne za ka tsawatar tun maganar ba ta yi ƙafa ba.

Ki riƙa lura da ita a wasa ɗiyata. Yaro ɗan ƙasa da shekara bai kamata a ce ya zaɓi hannu ba, in kinka ga kullum hagu take miƙawa ta bar dama a dunƙule, ko in kinka zo mata ta gefen dama ba ta ganinki sai kin zagayo, ki faɗa ma likita. Masu gashin ƙashi suna da motsa jikin da za su koya miki, ke ma a gida ki riƙa aje mata abin wasa ta gefen da ba ta so, ta yi ta ƙoƙari tana jin haushinki. Yaran nan ba duka suke zama iri ɗaya ba, akwai masu jinkirin tafiya da magana, akwai masu fama da ciwon kai in sun girma, akwai kuma waɗanda ke zuwa makaranta su gama su yi aure su haihu. Wanda magani ya kasa tsaida masa jijjiga ma akwai aikin ƙwaƙwalwa da ake yi a raba gefen mai ciwo da mai lafiya, amma ku ba ku kai nan ba, kar ki ɗauko kayan da ba a aza miki ba.

To fuskar. Ba zan yi miki ƙarya ba, tabon ba ya bajewa da kansa, yana girma ne tare da ita, kuma in an manyanta yana iya ƙara duhu da kauri. Maganinsa na gaskiya wani haske ne na leza da ke ƙona ƙananan hanyoyin jinin, ana yi sau da yawa ba sau ɗaya ba, yana sa shi ya dushe amma ba kasafai yake gogewa tas ba, ga tsada, kuma a baƙar fata sai ƙwararren likitan fata don in hannu bai iya ba sai a bar wani tabon a kan na da. Ba tsaga, ba ƙaho, ba masu leza na shagon kwalliya. In ido ya zauna jijjiga ta lafa sai a yi wannan zancen a tsanake.

Wa zai aure ta kuwa, haba ɗiyata, yarinyar da ko haƙori ba ta gama fiddawa ba. Na fahimce ki, mu mata mun san yadda ake kallon fuska a garin nan, mun san abin da yara ke faɗi a islamiyya. Amma abin da za ta fara sani game da fuskarta daga idonki za ta karanta shi, in kullum kina ja mata hula har gira kina juya ta bango in baƙi sun shigo, kafin ta iya magana ta san akwai abin ɓoyo a jikinta. Ki goya ta ki fita da ita suna da biki, a yi mata kitso a sa mata ƴan kunne, wanda ya tambaya ki ce tawadar Allah ce likita na duba ta, ki wuce abinki.

Ki samu ƙaramin littafi ki riƙa rubuta ranar da ta yi jijjiga da minti nawa da wane hannu, da nauyinta duk randa anka auna, da sunan maganin da awonsa, ki haɗa da katin a leda ɗaya a rataye inda kowa ya sani. Ranar Litinin ki yi sammako, layin sashen ido yana cika tun kafin takwas, ki tafi da ruwa da ɗan mayafi mai kauri da za ki kare mata rana a hanya. In an auna idon ki tambayi lambar da anka samu a kowane ido ki rubuta, sannan ki turo min in ji.